Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Gwamnan Jihar Sakkwato: A Sa Masunta Cikin Lissafin Ruwa

Mai Girma Gwamna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya taya ka riƙon amanar da jama'a suka ɗora maka, ya sa a gama lafiya. Ina kuma miƙa gaisuwa ta hannunka ga Kwamishinan da ke kula da lafiyar dabbobi da harkar kifi, da Kakakin Majalisar Dokoki da mambobinsa, domin rabin abin da zan faɗa a teburinsu zai sauka.

Ni ɗan masunta ne daga gaɓar Rima. Mahaifina sana'ar su, wato kamun kifi, ya yi har ƙarfinsa ya ƙare, ƙannena kuma har gobe da shi suke ci da iyalinsu. Ni boko ya janye ni, aikin koyarwa nake yi. Ban zo da sunan wata ƙungiya ba, babu kuma wanda ya naɗa ni wakili. Amma ina magana ne a madadin mutanen da na tashi a cikinsu: masu jefa birgi (ragar jifa) a Kwalkwalawa, masu kafa kalli (ragar da ake shimfiɗawa a ruwa) da mamari (igiya mai jerin ƙugiyoyi) a Goronyo, masu ajiye gura (tarkon kifi) a tafkin Kware, matan da ke banda a ƙauyukan Silame da Wamakko, da tsofaffin da ba su iya shiga ruwa yanzu sai ɗinkin taru a gindin itace. Yawancinsu ba za su karanta wannan wasiƙa ba. Sai dai a karanta musu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani shiru da ya daɗe. Duk shekara in an zo buɗe noman rani, muna jin ana rabon taki da iri da injinan ban ruwa. Ba ma baƙin ciki da haka, domin mafi yawan masunta manoma ne, suna da ɗan fegin shinkafa ko albasa. Amma in aka zauna maganar ruwa a jihar nan, abu uku ake lissafawa: ruwan sha na birni, ruwan noman rani, sai mashayar dabbobi. Kifi ba ya ciki. In ma an ambaci kifi, to ko dai kiwon tarwaɗa a kwami na siminti ake nufi, ko bikin kamun kifi na yini ɗaya da za a gayyato 'yan jarida. Wanda ke shiga kwalekwale tun kafin asuba kullum ta Allah, shi ba a san da zamansa ba.

Ranka ya daɗe, bari in fara da dalilin da ya sa wannan ba ƙaramar magana ba ce. Alkaluman da Gwamnatin Tarayya ke yawan ambato sun ce Najeriya na buƙatar kifi kusan tan miliyan 3.6 a shekara, abin da muke samarwa a gida kuwa bai kai rabin haka ba. Ana rage giɓin ne da kifin ƙanƙara da ake shigowa da shi da dala, shi ya sa tun da naira ta faɗi a 2023 ya fi ƙarfin talaka. A cikin ɗan abin da muke samarwa, kaso mafi tsoka daga ƙananan masunta yake fitowa, ba daga manyan jiragen teku ba. A duniya ma haka abin yake: binciken da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2023 ya nuna aƙalla kashi 40 cikin ɗari na kifin da ake kamawa a duniya ƙananan masunta ne ke kamo shi, kuma su ne kashi 90 cikin ɗari na masu aikin kamun kifi.

Amma ni ba lissafin duniya ya fi damuna ba, tukunyar gida ce. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yaran Sakkwato 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sa jiharmu a kan gaba wajen talauci mai fuskoki da yawa. A irin wannan hali, wane nama ne matar talaka za ta iya saya da ɗan canjin cefane? Ba ta isa mahauta ba. Abin da take iyawa shi ne kashi ɗaya na ƙananan busassun kifi, ta daka da daddawa ta zuba a miyar kuka, gida duka a samu. Wannan ɗan kifin da ake ci har da kai da ƙaya, shi ne ke ba yaro abin da ke ƙarfafa ƙashi da ƙara jini. Ma'aikatan asibiti da kansu suna koya wa uwaye su zuba garin kifi a kunun yaye. To in kogi ya daina bayarwa, daga ina garin zai fito? Kifin kwami ba zai maye wannan gurbi ba. Abincinsa kaɗai yana cinye fiye da rabin jarin mai kiwo, don haka dole ya yi tsada, dole ya tafi wurin masu gashi da gidajen abinci. Ina goyon bayan a tallafa wa masu kiwo, matasa ne namu. Sai dai kada a ɗauka an taimaki masunta don an raba 'ya'yan tarwaɗa a cikin birni.

Kukanmu na farko, wanda ya fi kowane girma, shi ne ruwa da yadda ake sakinsa.

Mahaifina yakan ce, da harshensa na mutanen gulbi, "Kihi ba shi haihuwa cikin gulbi, hwadama shi ka zuwa." Duk ilimin su yana cikin wannan magana. In damina ta kankama, daga Yuli zuwa Satumba, kogi ya cika ya malala cikin fadama, kifi mai ƙwai yana bin sabon ruwa ya shiga cikin ciyawa. Nan yake zuba ƙwai, nan 'ya'yan ke samun abinci da maɓoya daga tsage da giwan ruwa. Bargi da yauni har sheƙa suke yi a cikin ciyawar. In ruwa ya fara janyewa da kaka, wanda ya girma ya koma kogi, saura ya zauna a tabkuna, su ne ake yin su a kansu da rani. Shekarar da ambaliya ta yi faɗi ta kuma daɗe, masunci ya san baɗi akwai kifi. Shekarar da ba ta hau fadama ba, ko wane irin taru ka saya a banza.

Madatsun ruwa sun sauya wannan tsari. An gama Bakolori a kan kogin Sakkwato a 1978, mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 450. An gama ginin Goronyo a kan Rima a 1984, mai ɗaukar miliyan 942. Can sama a Katsina akwai Zobe da Jibiya a kan rassan da ke ciyar da Rima. Masu binciken da suka bi ƙauyukan da ke ƙasa da Bakolori a farkon shekarun 1980 sun tarar ambaliyar fadama ta ragu, noman shinkafa ya ja baya, kamun kifi ya faɗi, masunta da dama sun tattara sun nufi wasu ruwaye. Ba yau abin ya fara ba ke nan.

Ba na cikin masu zagin dam. Da ba don Goronyo ba, da birnin Sakkwato bai sha ruwa da bazara ba, da kuma dubban masu noman rani ba su da abin yi. Tafkin dam ɗin kansa ya zama wurin su. Matsalar ita ce jadawalin buɗe ƙofofi. Ana tare ruwan farko na damina don a cika tafki, a daidai lokacin da kifi ke jiran ruwan da zai kai shi fadama. In tafki ya cika maƙil a ƙarshen damina, sai a saki ruwa da ƙarfi a lokaci ɗaya, ya kwashe kalli da gura da kwalekwalen da aka ɗaure a gaɓa. Masunci bai samu ambaliyar da ke haifar da kifi ba, ya samu wadda ke cinye jari. Kowa a jihar nan yana tuna Satumban 2010, lokacin da ruwa ya ci garuruwa ya yanke hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Muna kuma tuna 2018, da ruwan Goronyo ya ja baya har ya rage kusan kashi 10 cikin ɗari na abin da yake ɗauka. A duka biyun an yi ta maganar gidaje da gonaki da famfunan birni, kuma daidai ne a yi. Asarar masunta ce ban ji an ƙirga ba.

Wannan abu yana da magani, an kuma gwada shi a maƙwabta. A arewacin Kamaru, madatsar Maga da aka gina a 1979 ta busar da fadamar kogin Logone, kifi da kiwo suka lalace. A 1994 aka buɗe wata mashiga da gangan don ruwa ya sake hawa fadamar, kifi ya dawo, makiyaya suka dawo. Ba rushe dam aka yi ba, lissafi aka gyara. Na san madatsunmu na Gwamnatin Tarayya ne, a hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima suke. Amma in Gwamnan Sakkwato ya nemi a zauna, za a zauna. In Sarkin Ruwan wani ƙauye ya nema, ko ƙofar ofis ba zai wuce ba.

Kuka na biyu daga cikin gida yake, ba zan ɓoye ba don masu yi 'yan uwana ne. Ana kashe ruwa da hannunmu. Akwai masu jan taru mai ƙananan idanu, har da gidan sauron da aka raba don kare yara daga zazzaɓi, su kwashe 'ya'yan karfasa da ba su kai tsawon yatsa ba. Akwai masu tare bakin mashigar fadama da damina su kama uwa da ƙwai a cikinta. Akwai mafi muni, masu zuba guba. A da tsiron magimfa ake dakawa, daga baya aka koma Gammalin da sauran magungunan feshi, waɗanda ke kashe babba da ƙarami, su bar ruwan da mutane da shanu za su sha a gurɓace. Wanda ya kama kifi mai ƙwai a watan Agusta daidai yake da manomin da ya daka irinsa ya yi tuwo. Ya sani sarai. Yunwa ce da bashi, da kuma tunanin cewa in bai kama ba na bayansa zai kama.

Wannan tunani na ƙarshe shi ne aikin hukuma ta kawar. A da Sarkin Ruwa ne ke riƙe da wannan. Shi ke rufe tafki, shi ke sa ranar buɗewa, wanda ya saci ruwa a kai shi gaban hakimi. Bikin Argungu da duniya ke kallo, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2016, ba abin mamaki ba ne da ke faɗowa daga sama. Ana samun giwan ruwa mai girman mutum a Matan Fada, ruwan da ake yin bikin a cikinsa, ne saboda an hana taɓa wurin tsawon shekara. Masu kallo suna ganin homa da gora, ba sa ganin hanin. A yawancin ruwayen Sakkwato yau, Sarkin Ruwa yana da rawani ba shi da sanda. In ya hana, a ce masa ruwa na gwamnati ne. Gwamnatin kuwa ba ta bakin ruwa.

Doka tana nan. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta guba da nakiya da lantarki, ta ƙayyade faɗin idon taru, ta kuma ba kwamishinan jiha ikon ba da lasisi da rufe wuri ko lokaci. Amma tarar da aka rubuta a wancan zamani, da darajar naira ta yau, ba ta tsorata ko yaro. Kuma dokar da babu mai tsaron ta a gaɓa takarda ce kawai. A tafkin Kainji, cikin shekarun 1990, wani shiri na haɗin gwiwar Najeriya da Jamus ya nuna cewa hana tarun dala, wanda ake ja zuwa gaɓa ya kwashe manya da ƙanana, yana kama ƙasa ne in an bi ta hannun sarakunan gargajiya da shugabannin masunta, ba ta hannun jami'in da ke zuwa daga birni sau ɗaya a wata ba.

Akwai kuma abin da ke cin ruwan kansa a hankali. Yashi yana cike kogi da tabkuna saboda an sare itatuwan gaɓa ana noma har bakin ruwa. Ciyawar kacala ta mamaye wurare, kwalekwale ba ya ratsawa, taru ba ya shimfiɗuwa, sai tsuntsayen jan baki da ke kwana a ciki su wayi gari a gonar shinkafa. Injinan ban ruwa suna zuƙe ƙananan tabkuna kafin kifin ciki ya girma. Maganin feshin da aka yi wa shinkafa da albasa kuma a ruwa yake ƙarewa. Duk wanda ya san tafkin Kalmalo na Illela a da, ya je ya gan shi yanzu, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Kuka na uku na mata ne, kuma shi ne wanda ba a taɓa jin sa ko kaɗan, domin masu shi suna cikin gida. Namiji ya kamo, amma daga gaɓa zuwa kasuwa aikin mace ne. Gwaggona ta shekara fiye da yadda zan iya tunawa tana banda. Murhunta rabin ganga ne da waya a sama. Za ta fasa cikin tarwaɗa ta wanke, ta lanƙwasa ta ta soke wutsiya da tsinke a baki, ta jera. Daga nan sai tsayuwa a kan hayaƙi, tana juyawa ɗaya bayan ɗaya da hannu, ido na zubar da ruwa, in wuta ta yi yawa ya ƙone, in ta yi kaɗan ya ruɓe daga ciki. Yau idonta ɗaya ba ya gani sosai, tari kuma ya zame mata abokin zama. Itacen da take ƙonawa a da yara ke rorowa, yanzu saye ake yi, yana cin ribar tun kafin a kai kasuwa. In an gama an zuba a kwali, sai ƙwaro ya shiga. Bayan 'yan makonni ka buɗe ka tarar ƙasan kwalin ya zama gari. Don gudun wannan asara ne wasu 'yan kasuwa ke yayyafa wa busasshen kifi maganin ƙwari, abin da NAFDAC ta sha gargaɗi a kai, mu kuma mu saya a Kasuwar Daji mu kai wa 'ya'yanmu.

Gyaran wannan ba ya buƙatar biliyoyi. Murhun Chorkor da matan Ghana ke amfani da shi tun ƙarshen shekarun 1960 da laka ake gina shi, a jera faifan katako da waya hawa-hawa, yana ɗaukar kifi mai yawa da itace kaɗan. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa tana da nata samfuran, Jami'ar Danfodiyo kuma tana da sashen nazarin kifi a nan kusa da gaɓar Rima. Ilimin yana nan, bai dai tsallaka katanga ya shiga gidajen masu banda ba.

Bashi ma yana nan a gefe. Kwanan baya na je gida na tarar da ƙanena ya fito daga ruwa da hantsi, ya kwana yana duba mamari. Abin da ya samo bai cika ƙaramin daro ba: 'yan kurungu, da karfasa, da tarwaɗa biyu masu ɗan auki. Kafin ya ɗaure jirgi, mutumin da ya ba shi taru bashi yana tsaye a gaɓa. Shi ya zaɓi manyan, shi ya yanka farashi, ƙanena bai ce uffan ba. Ban ga laifin mai bashin ba, shi kaɗai ne bankin da ya yarda da masunci. Zare da ƙugiya da dalma duk daga waje suke zuwa, sun bi dala sun hau. Wanda ke da injin jirgi kuwa, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ya koma filafili.

Ba zan tsallake tsaro ba, ko da yake na san ka fi ni saninsa. A gabashin jiha, Sabon Birni da Isa da Rabah da sassan Goronyo da Wurno, akwai ruwayen da masunci ba ya iya kwana a kansu, su kuwa aikin dare ne. Waɗanda suka gudo suna cunkushewa a ɗan ruwan da ya rage lafiya kusa da birni, taru a kan taru, kifi ya ƙara ƙarewa, rigima ta tashi tsakanin baƙo da ɗan gari. In za a ƙirga waɗanda 'yan bindiga suka raba da sana'arsu, a ƙirga da masunta. Sannan akwai haɗarin ruwan kansa. A Afrilun 2022 mutum 29 suka rasu da jirgi ya kife a ƙaramar hukumar Shagari, yawancinsu yara da matasa. Duk inda irin wannan ya faru, masunta ake fara kira su yi nutso su tsamo mutane, ba rigar ruwa, ba igiya, ba ko sisi. Tsargiya kuwa ta zama ruwan dare a ƙauyukan gaɓa, har wasu iyaye na ɗaukar fitsarin jini alamar balaga ce, alhali maganinta ƙwaya ce mai araha.

Duk waɗannan suna komawa ga abu ɗaya: ba a ƙirga mu. Kifin da aka kama da asuba, aka ci rabi a gida, aka yi musayar wani da hatsi, aka soya saura yarinya ta kai talla, ba ya shiga littafin kowa. Abin da bai shiga littafi ba kuwa ba ya shiga kasafi.

Saboda haka, Mai Girma Gwamna, ga abin da muke roƙo.

Muna roƙon ka jagoranci zama tsakanin gwamnatin jiha da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, da wakilan manoma da makiyaya da masunta, a fitar da jadawalin sakin ruwa na shekara wanda kowa ya sani. A cikinsa a ware wani kaso da za a saki da gangan a tsakiyar damina don ya hau fadama, masana na jami'a su auna yawansa da lokacinsa. Tun da Rima ba ta tsaya a iyakarmu ba, a gayyato Kebbi da Zamfara. Kafin a kai ga wannan, akwai abin da za a iya farawa gobe ba tare da kashe kuɗi ba: duk lokacin da za a buɗe ƙofofin dam, a sanar a rediyo da harshen Hausa da kwanaki a gaba, a kuma kira hakimai da Sarakunan Ruwa a waya, don mutane su kwashe kayansu daga ruwa.

Muna roƙon Majalisar Dokoki ta yi wa jiha dokar su da ta dace da yau, wadda za ta ambaci Sarkin Ruwa da sunansa ta ba shi hurumi: ikon rufe ruwa a watannin haihuwar kifi, ikon ƙwace haramtaccen taru, da hanyar miƙa mai zuba guba ga kotu. A nemi albarkar Majalisar Mai Alfarma Sarkin Musulmi, domin a bakin ruwa maganar hakimi da liman ta fi takardar ofis nauyi. A kowace gunduma a keɓe tafki ɗaya ko gurbi mai zurfi da ba a taɓawa sam. Amma ina gargaɗi a kan abu ɗaya: kada a aiko jami'ai su ƙone tarun talaka a tafi. A karɓi mai ƙananan idanu a ba shi mai manya a madadinsa. In kuma an rufe ruwa wata biyu ko uku, a haɗa masunta da aikin da za a biya su, kamar yankan kacala, da yashe mashigun fadama, da dasa itatuwa a gaɓa. Ba wanda ya fi su sanin inda ruwa ke bi. Hani ba tare da abin sawa a baki ba, satar ruwa da dare kawai zai haifar.

Muna roƙon a yi rajistar masunta da masu banda ƙauye-ƙauye, maza da mata, a sa ɗaliban sashen kifi su riƙa auna abin da ake fitarwa a manyan mashigai. A yi rajistar a bakin ruwa a gaban Sarkin Ruwa, kada a yi ta a ofishin jam'iyya, don mun sha ganin yadda kayan tallafi ke ƙarewa a hannun wanda bai taɓa riƙe filafili ba. Da wannan rajista ne za a iya ba da rance mai sauƙi ta hanyar ƙungiyoyin adashi da masunta suka riga suka saba da su.

Ga mata, a gina ingantattun murahu a manyan garuruwan su, a koya wa maginan gari yadda ake yin su don kowace mace ta iya samun nata a cikin gida, tun da ba kowace ke fita ba. A samar da rumfunan shanya da ke sama da ƙasa, da ɗakin sanyi mai aiki da hasken rana a Goronyo da kasuwar kifi ta birni. Rana dai ba mu rasa ta ba a Sakkwato. In gwamnati na sayen abinci don makarantun kwana da cibiyoyin kula da yara masu tamowa, a sa busasshen kifin gida a cikin jerin, a saya kai tsaye daga hannun matan.

A raba rigunan ruwa a mashigai, a horar da masu nutso na gargajiya a riƙa ba su ɗan alawus, a kuma kai maganin tsargiya ƙauyukan gaɓa har ga manya, kada a tsaya a 'yan makaranta.

Najeriya na cikin ƙasashen da suka amince da ƙa'idojin kare ƙananan masunta na 2014 na Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma muradun ci gaba mai ɗorewa da ake son cimmawa kafin 2030 sun ambace su a fili. Ba sabon alkawari muke nema ba. Abin da ya fi gaggawa shi ne zaman jadawalin ruwa, kuma muna roƙon a yi shi kafin watan Yuni, domin in ruwan farko ya sauka ba a yanke komai ba, haihuwar kifi ta wannan shekara ta wuce, sai kuma wata damina. In an sa rana, a aika wa Sarakunan Ruwa ta hannun hakimansu. Za su zo, kuma za su zo da sunayen tabkuna da mashigan da ya kamata a fara da su.

Allah ya ba ka lafiya da nasara, ya zaunar da jiharmu lafiya.

Wassalam.

Naka,
Ɗan masunta daga gaɓar Rima,
Sakkwato.